Allurar da Gwaggo Mai Tsana Ta Binne

Ina ƙarama na fara jin sunanta, a bakin mahaifiyata tana taje mini kai. Ta ce da babana, "Mai Tsana ta aiko, wai za ta zo ta kwana biyu." Ranar na kasa cin abinci. A tunanina wata mata ce za ta zo wadda aikinta tsanar mutane, kuma da yara take farawa. Da ta iso na shige bayan ƙofa. Ta hango ƙafafuna, ba ta kira ni ba, sai ta ajiye wani abu a ƙasa ta turo shi da yatsa. 'Yar tsana ce ta ƙyalle, cike da auduga, da rigarta mai ɗige-ɗige. A nan na gane tsanar da ake nufi.

Yayar babana ce. Mijinta ya rasu tun ban san ta ba, ba ta sake aure ba. Ɗakinta yana saman wani shagon teloli, su suke tara mata guntayen yadi a buhu. Gado ɗaya ne a ɗakin, da kujera a bakin taga, da buhun auduga, da gwangwanin biskit inda zare da almakashi suke. Ni dai ban taɓa ganin mutum mai tsoro kamarta ba. Tana tsoron tsallake titi, tana tsoron amsa waya idan ba ta san lambar ba, idan baƙo ya yi mata magana sai ta kalli ƙasa. Ko maɓalli ba ta sa wa 'yan tsanarta a ido, da zare take yi musu, wai kada yaro ya cire ya haɗiye.

Akwai abin da take kira binne zare. Idan ta rufe ɗinkin ƙarshe a bayan 'yar tsana ta ƙulla, ba ta yanke zaren a wurin, don kada bakinsa ya fito yaro ya ja. Sai ta tura allurar gaba ɗaya cikin audugar, ta matse 'yar tsanar har tsinin ya ɓullo ta ciki, ta zaro, ta yanke. Ragowar zaren ya koma ciki, babu mai ganinsa. Daga nan ta soke allurar a bakin wuyan rigarta. Haka take yi tun ban iya magana ba.

Shekarar da na gama sakandare aka buɗe wata kasuwar wucin gadi a filin wata makaranta, lokacin da yara suke hutu. Kasuwa ce ta masu aikin hannu: rumfunan tamfol, tebura na haya, kiɗa a lasifika, bayan 'yan kwanaki a kwashe komai. Maƙwabciyarta mai yin sabulu ce ta matsa mata har ta yarda ta kai 'yan tsanarta, suka kama rumfuna kusa da juna, gefen famfo. Babana ya ce in bi ta in riƙa yi mata magana da mutane.

Ranar farko ta zauna a bayan tebur kamar an kawo ta kotu.

Mai sabulu ta ce, "Mai Tsana, ki ɗan motsa mana, kada a zaci ke ma ta sayarwa ce."

"Ina motsi," in ji Gwaggo.

"A ina? A zuci?"

Don ta sami wurin ajiye idanunta, sai ta ɗauko 'yan tsanar da ba ta ƙarasa ba ta ci gaba da ɗinki a nan rumfar. Abin ya jawo mutane. Suna tsayawa su kalli hannunta, su saya. A rana ta biyu da yamma filin ya cika, ga iyaye ga yara. Na je ɗebo mana ruwa, na dawo na tarar da tebur ya kusa zama wayam, mai sabulu tana taya ta sawa a leda.

Da mutane suka ragu a rumfarmu, Gwaggo ta ɗauko wata za ta fara, ta kai hannu wuyan rigarta. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta juyo ta kalle ni.

"'Yar nan, kin ɗauki allurata?"

"A'a, Gwaggo."

Muka duba ƙasa, muka kakkaɓe zanen tebur, muka juye gwangwani. Ita ba ta duba tare da mu ba. Tana tsaye, hannunta a wuya.

"Ku bari," ta ce. "Na san inda take. Ina cikin binne zare wata ta tambaye ni kuɗin babbar, na ajiye ta hannuna a kan tebur ban zaro ba."

"Wacce ce?"

"Mai rigar ruwan ɗorawa."

Na kalli teburin. Masu rigar ruwan ɗorawa sun fi sauran yawa da safe, don yadi ɗaya ta yanka musu. Babu ko ɗaya da ta rage.

Na juya na kalli filin. Ko'ina yara ne. Wata ta rungume tata a ƙirji tana gudu. Wani yana jefa ta ƙanwarsa sama yana cafewa. Ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba, kuma kowa gidansa zai nufa.

Mai sabulu ta rage murya. "Wataƙila faɗuwa ta yi. Allura ce fa, ƙasa ta shanye ta."

"Ba ta faɗi ba."

Gwaggo ta kama hannuna, muka nufi rumfar Hajiyar da ta shirya kasuwar, inda lasifikar take. Ni na yi bayani. Hajiya ta cire gilashinta.

"Baiwar Allah, kin san abin da kike nema? In aka faɗi wannan a lasifika, ba ke kaɗai za a guda ba, duk masu rumfunan nan ne." Ta mayar da gilashin. "Ga dabara. A ce duk wanda ya sayi 'yar tsana ya dawo, akwai kyauta. Sai ki duba su a hankali, ba wanda ya sani."

Na ji dabarar ta yi mini. Gwaggo ta girgiza kai.

"Hajiya, wanda ya ji kyauta zai ce bari ya gama sayayya. Yaron kuma yana riƙe da ita."

Kafin Hajiya ta amsa, Gwaggo ta miƙa wa mai kiɗan hannu. Shi ma bai san lokacin da ya ba ta makirufo ba. Kiɗa ya tsaya. Ta kai abin bakinta, duk filin ana jin numfashinta.

"Ni ce mai 'yan tsana, ta gefen famfo. Duk wanda ya saya a wurina, don Allah ya karɓe ta daga hannun yaro yanzu. Kada ya matsa ta. Akwai allura a cikin ɗaya. Ni na bar ta."

Sai kukan yara ya tashi ta ko'ina, ana ƙwace musu abin wasa. Kafin mu koma rumfa an cika ta. Wata ta jefo tata a kan tebur ta ce, "Tsohuwa da ke, ba ki da hankali?" Wani ya ce a kira 'yan sanda. Gwaggo ba ta ɗaga kai ba. Tana ɗaukar kowacce ta sa tsakanin tafukanta ta matse da ƙarfi, kai, ciki, hannuwa, ƙafafu. Na ce ta bari mu farke su da almakashi. Ta ce wannan ya fi sauri. Duk wadda ta matse ba ta ji komai ba, sai fuskarta ta ƙara faɗawa.

Aka gama da na kan tebur. Babu.

Mai sabulu ta dafe kai. "Akwai wani dogo da jaririya a kafaɗa. Na zo sa masa a leda, ya ce a bari, yarinyar ta riga ta kama. Waje suka yi."

Motoci a tsallaken titi ake ajiye su. Na ruga. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, wasu har sun fara fita, kowacce ta wuce sai in ji kamar ita ce. A can ƙarshe na ga wata mota gilasanta a rufe, inji na aiki. A kujerar baya wata mata na gyara wa jaririya zama. Yarinyar ta ƙanƙame 'yar tsana mai rigar ruwan ɗorawa, hannun 'yar tsanar a bakinta.

Na buga gilashi. Dogon mutumin da ke kujerar direba ya ɗaga mini hannu alamar ba ya sayen komai. Na sake bugawa. Sai ga Gwaggo a bayana, takalmi ɗaya a ƙafa, ita kaɗai ta tsallako titin. Ta je ta tsaya a gaban motar.

Ya sauke gilashi. "Lafiya, Baba?"

"Ɗana, ka ce ta karɓi 'yar tsanar nan. A hankali. Ta ƙafa za ta ja."

Matar ta kalle mu, ta kalli 'yarta, ta zare abin daga hannunta. Yarinyar ta tsandara kuka. Gwaggo ta karɓa ta taga, ta sa a tafukanta, ta matse cikin. Na ga kafaɗarta ta zabura. Da ta buɗe hannu, allurar na tsaye a tafinta, jini na bin tsintsiyar hannunta.

Ta zauna a ƙasa a wurin, tana cewa alhamdu lillahi, tana maimaitawa. Uwar ta tuɓe wa yarinyar riga tana duba ta ko'ina, har cikin baki, babu ko ƙwarzane. Sannan ta juyo ta faɗa wa Gwaggo maganganun da ba zan rubuta ba. Gwaggo ta ce, "Kin yi gaskiya." Mutumin ya miƙo mata hankici, ya ja motarsa.

Hajiya ta aiko cewa kada mu dawo washegari. Ba mu koma ba, kuma Gwaggo ba ta sake zuwa wata kasuwa ba. Ta ci gaba da ɗinki a bakin tagarta, maƙwabta na saya kamar da. Amma idan tana binne zare, ko gaisuwa ba ta amsawa sai allura ta fito.

Yanzu ta tsufa. Kwanan baya ta kira ni da sunan mahaifiyata, ta kuma ɗora ruwa a wuta ta manta har tukunyar ta ƙone. Gwangwanin biskit yana nan kusa da kujerarta, kuma duk zuwan da na yi sai na daɗe ina kallonsa. A ranar kasuwar, da muka dawo ɗakinta ina ɗaure mata hannu, ta ce da ni:

"'Yar nan, zan roƙe ki abu ɗaya. Ranar da kika ga na fara mantuwa, ki zo ki kwashe allurorin nan. Zan yi kuka, zan ce ƙarya kike yi, wataƙila in kai ƙararki wurin babanki. Kada ki mayar mini da su."