Malam Talle Mai Eriya da Muryar Baba Habibu

In an idar da sallar asuba a Kwarin Ɗinya, kowa da inda yake sa gaba. Manoma su nufi gona, masu kayan gwari su fita bakin titi jiran motar Ɗambatta. Malam Talle Mai Eriya shi kaɗai ne yake fara yininsa da ɗaga kai sama. Yakan tsaya a gindin dogon ƙarfen da ya kafa bayan shagonsa, ya kare ido da tafin hannu, ya duba ko eriyarsa tana nan tana fuskantar Kano yadda ya bar ta. Daga nan sai ya bi baƙaƙen wayoyin da suka fita zuwa gidajen maƙwabta, yana shafa su kamar mai duba kofaton doki. Nan akuya ta tauna, can ɓera ya gwada haƙori, gaba kuma wata baiwar Allah ta mai da wayar igiyar shanya. Ba ya faɗa. Yakan yi sallama, ya ce a kwashe zannuwan, ya gyara, ya wuce.

Wanda bai san garin ba zai ce mene ne na wannan wahala. To, Kwarin Ɗinya sunansa ya bi shi. Gari ne da ya zauna cikin kwari, tudu ya kewaye shi, gidajen rediyon Kano in sun iso sai su bi ta samansa su wuce. Ka kunna akwatinka ba abin da za ka ji sai shuu, kamar ana suyar gyaɗa. Wayar salula ma sai an hau tudun makaranta ake samun ta gaisa da mutane. Talle ya koyi gyaran rediyo a birni, wurin wani dattijo mai irin na'urar nan da masu sha'awa suke hira da junansu daga ƙasa zuwa ƙasa. Da ya dawo gida bai tsaya ga gyara ba. Ya kafa ƙarfe, ya ɗora eriya, ya sauko da waya ɗaya zuwa wani ɗan akwati a bangon shagonsa, daga akwatin kuma ya raba wa gidaje. Akwatin rabo yake ce masa, kowa ma ya bi shi da sunan.

A kan wannan akwati ne Talle ya zama malami ba da allo ba. Duk wanda ya zo roƙon a ja masa waya sai ya sha karatu tukuna.

"Ka taɓa noman rani a Watari?" in ji shi. "To, ruwan da ka buɗe wa hanya biyu, kowace rabi take samu. Ka buɗe huɗu, sai dai kowa ya jiƙa ƙafa. Haka sigina take. Akwati ba ya haihuwa, rabawa kawai yake yi."

Saboda haka ba ya sayen mai baki takwas don burga in gida uku zai bai wa. Bakin da ba a amfani da shi kuwa ba ya barin sa a hangame, sai ya ɗaura masa ɗan murfinsa, don ya ce buɗaɗɗen baki ɗaya yana ɓata wa sauran ji. Da gidajen suka yi yawa ya tara ya sayo mai busta, wanda yake ƙara wa sigina ƙarfi kafin ya raba ta, ya haɗa shi da batir da ɗan faifan sola. Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita: akwatin na saurare ne, ba na magana ba. Tasa na'urar hirar ma eriyarta daban take.

Kai ne, Malam Talle, ka sa matan unguwar nan suka daina jiran sai maigida ya dawo kasuwa su ji labarin duniya, rabinsa kuma ya zube a hanya. Kai ne ka sa tafsirin azumi ya shiga ɗakin tsofaffin da ƙafa ta daina kai su masallaci. Mun ga lokacin da kake hawa ƙarfen nan rana tsaka, tulu na kiran a sha ruwa, don kawai wani ya ce tasa tana shuu.

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau, ranar wata Juma'a ce ta kakar bara.

Talle maraya ne, kamar yadda sunansa ya faɗa. A gidan Baba Habibu ya tashi, makaɗin gangar noma, wanda in ya saɓa ganga a gayya har malalaci sai ya karya ƙotar fartanya. Matarsa Inna Kaltume ce ta goya Talle. Wata shekara, Talle yana saurayi, ma'aikatan wani gidan rediyo suka zo suka ɗauki kiɗan Baba Habibu a gayyar Sarkin Noma. Ranar da aka sa shi, gari ya taru a kan akwatin rediyo ɗaya, ba a ji komai ba sai suyar gyaɗa. Baba Habibu ya yi dariya ya ce ai ya san abin da ya faɗa. Ba a yi nisa ba Allah Ya karɓi abinsa, bai taɓa jin muryarsa a rediyo ba. Masu lura sun ce tun daga ranar Talle ya fara kallon sama.

Shekaru sun tafi. Inna Kaltume ta tsufa, ɓarin jikinta ya shanye, ko juya ta sai an yi dabara. Sai ga shi a wani shiri na tsofaffin kaset an yi sanarwa cewa Juma'a mai zuwa, bayan la'asar, za a sa kiɗan Habibu na Kwarin Ɗinya. Da kunnenta ta ji, don wayar farko da Talle ya taɓa ja ɗakinta ya kai ta. Ta aika aka kira shi.

"Talle, na fara manta yadda muryarsa take," in ji ta. "Fuskar ina gani, muryar ce ta guje mini. Zan ji kuwa?"

"Za ki ji, Inna, in Allah Ya yarda."

"Wancan karon ma haka aka ce."

Talle ya tashi ya koma shago. Satin nan kaf ya bi kowace mahaɗa ya goge, ya sake like ta da dalma.

Safiyar Juma'ar, Talle ya tafi duba wata waya a ƙarshen unguwa, ya bar shago a buɗe yadda ya saba. Sai ga Kamaruddeen, shugaban 'yan sintirin garin, mutumin kirki mai saurin hannu fiye da saurin tunani. Oba-obarsa, 'yar rediyon hannun da 'yan sintiri ke magana da ita, ta ƙi kai wa yaransa da suka bi sawun wasu awaki ta hanyar Zakirai. Ya ɗaga kai ya ga doguwar eriya, ya sunkuya ya ga baki guda da murfi a jikin akwati, ya ce ai ga banza ta faɗi. Ya kwance murfin, ya jona, ya danna ya yi magana. Ya ce shi dai ya ji ɗan ƙauri. Kafin ya gama "kuna ji na", rediyoyin unguwa duk sun koma shuu.

Da Talle ya dawo ya shinshina akwatin, ya ji ya ƙone, sai ya zauna a kan benci. Kamaruddeen ya tsaya yana murza hula.

"Malam, wallahi na ɗauka bakin ba na kowa ba ne."

"Na sani. Ta ƙofar shigowa ka tura kaya waje, shi ke nan."

"In hau babur in tafi Kano yanzu in sayo wani?"

"Yau Juma'a. Kafin ka isa an rufe shaguna, kafin a buɗe ka juyo an gama shiri."

Shawara ta yi yawa, don ba a rasa masu ita a irin wannan rana. Wani ya ce a ɗora Inna a amalanke a kai ta tudun makaranta, can ko ƙaramar rediyo tana kamawa. Nan ne kaɗai aka ga ran Talle ya ɓaci.

"Inna ba buhun masara ba ce," in ji shi. "A kan gadonta za ta ji, a ɗakin da Baba ya bar ta."

Ya zazzage gwangwanin tarkacensa ya zaro tsohon akwatin da ya fara aiki da shi, mai baki biyu, ba busta ba komai. Ya ce baki ɗaya na ɗakin Inna, mata su taru can. Ɗaya na zauren gidan, don maza. Sauran gidaje su yi haƙuri yau, har da nasa shagon. Ba wanda ya yi gardama. Ya yanke wayoyin ya rage musu tsawo, don doguwar waya ma tana shan nata rabon. Aka kunna. Murya ta fito, amma can ƙasa, shuu ya danne ta.

Abin da ya rage shi ne a ƙara wa eriya tsayi. Bayan an sauko daga masallaci ya samo doguwar gora, ya hau, ya kwance eriyar ya ɗaura ta a kan gorar, ya ɗaga. Nan take murya ta washe. Yana sakin hannu kuwa iskar kaka ta murɗa gorar, eriya ta juya wa Kano baya. Ya ɗaure da igiya, ta sake murɗawa. Ya ƙara da roba, haka. Ba maƙalar ƙarfe, ba lokacin zuwa wurin mai walda. Ya sauko ya yi la'asar, ya ɗaura igiya a ƙugu.

Matarsa Jumma ta tare shi. "Malam, da gwiwar nan taka? Ka bar wani ya riƙe mana. Kai fa ka fi kowa son jin Baba Habibu."

"Wani zai riƙe, amma ba zai san inda Kano take daga sama ba. Ki ɗauki faifai ki tsaya a tsakar gidan Inna inda zan hango ki. In ta fita tangaran ki ɗaga, in ta yi shuu ki sauke."

Haka aka yi. Dattijo mai furfura a kan ƙarfe, ƙugu a ɗaure, hannu biyu a kan gora, ido a kan faifan matarsa. Faifai ya sauka, ya ɗan karkata. Faifai ya tashi, ya ƙame. Daga can sama ba ya jin rediyo ko kaɗan, iska ce kawai a kunnensa. Yana ganin zaure ya cika har waje, yana ganin mata sun yi cincirindo a ƙofar ɗakin Inna. Gwiwa ta fara yi masa tsiya. Bai san an fara ba, bai san ko an fasa ba.

Sai ya ji wani abu ya taso daga ƙasa. Ba rediyo ba ce. Tsofaffin manoman garin ne, waɗanda suka yi waccan gayya suna samari, suka ɗauki amshi da bakinsu: "Sai mun kai kan iyaka." Wasu ba haƙori, wasu da sanda, amma muryar ta cika kwarin. Daga cikin gida guɗa ta tashi. Jim kaɗan kuma sai ya ga abin da bai gane ba: mutanen zaure sun fito gaba ɗaya, sun ɗaga kai suna kallon sa, Jumma kuma ta riƙe faifai sama da hannu ɗaya tana share ido da ɗayan. Ya ɗauka wani abu ne ya lalace, ya ƙara ƙanƙame gorar. Bai saki ba sai da ta ajiye faifan a ƙasa ta yafuto shi.

Da ƙyar ya sauko, yatsunsa sun ƙi miƙewa. Aka ce Inna na kira. Ya shiga ya durƙusa a bakin gado.

"Inna, kin ji?"

"Na ji, Talle. Ashe muryar ba ta da kauri yadda nake zato." Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta. "Kai fa ba ka ji ba."

"Na ji amshi."

"Ba ka ji ba. Ya kira ka."

Kamaruddeen, wanda tun safe yake neman inda zai ɓoye fuskarsa, ashe ya kara wayarsa a bakin rediyon zaure ya naɗe shirin tun daga farko. Ya miƙo ta da hannu biyu daga bakin ƙofa. Aka danna. Ganga ta tashi, sai ga muryar Baba Habibu, sabuwa fil kamar jiya ya fita gona:

"Ina Talle ɗan gidana?
Maraya ba ya raki,
A ba shi tsakiyar gona."

Talle ya sunkuyar da kai. Mutumin da ba a taɓa ganin kukansa ba ya yi shi ranar, a gaban mata da jikoki, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Bana Malam Talle ya ajiye hawa. Gwiwa ta ci ƙarfinsa, Jumma kuma ta ɓoye igiyar. Sabon akwati mai busta yana bango, Kamaruddeen ne ya je Kano ya zaɓo shi, bayan ya haddace karatun Watari, kuma yanzu shi ne mai korar duk wanda ya doshi murfin nan da oba-oba. Inna Kaltume na nan da ranta, kullum da hantsi sai an sa mata muryar mijinta.

Mun gode, Talle ɗan gidan Habibu, mai eriya ɗaya gari ya ji. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya, Ya jiƙan wanda ya rene ka. Ku kuma masu sana'a a hannu, makanike ne ko ungozoma ko mai gyaran famfo, ku dubi wannan dattijo. In abin da ke hannunku ba zai ishi kowa ba, ku san wanda ya fi buƙata ku fara da shi, ko da ku ne za ku rasa. Wanda duk hanya ta biyo da shi Kwarin Ɗinya, ya tsaya a shagon da ke gindin dogon ƙarfe ya gai da Malam Talle. Baba Habibu ya riga mu yi masa kirari, mu amshi kawai muke yi.