Wace Illela?

Illela biyu gare mu, duk ɗan Ƙonni ya san haka. Akwai tamu ta Nijar, can arewa gaba da Tajaye, akwai kuma ta Najeriya, wadda in ka tsaya bakin iyaka kana jin kiran sallarta. Wannan ƴar magana ce ta raba ni da aikina, ta kuma raba ni da mutumin da na ɗauka ɗan uwa.

Shekarar da fara ta sauka kan gero tun bai nuna ba, wani kamfani ya kawo ƙaramin jirgin feshi, aka share masa fili a bayan gari. Ni ke riƙe da rediyo a ƙasa. Aikina in gaya wa matuƙi inda zai nufa da abin da ke sama. In an gama feshi kuma in hau babur in bi ƙauyuka ina roƙon mata kada su kama farar wurin su soya. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, abokina ne tun muna lakwal, makarantar boko, a Tajaye. Benci ɗaya muka zauna, tuwon uwata ya ci har ya yi wuya. Shi ya kira ni aikin, ban musa ba, shi ya sa ban taɓa tunanin neman shaida a kan maganarsa ba.

Wata safiya talho ya yi ƙara a buro, ofishinmu, shef ya ɗauka. Da ya ajiye sai ya leƙo ta taga ya ce mini:

"Wani ƙaramin jirgi na tahe da hantsi, na wani attajiri, gaisuwar rasuwa za shi yi. Ta Illela za shi biyo."

Na ce, "Wace Illela?"

"Tamu mana. Daga Tawa za shi taso."

"Ka tambaye su?"

"Kai, ka cika ƙaƙale. Tamu ta."

Tunda baƙo daga arewa zai fito, sai na tura jirginmu kudu, gonakin da ke tsakanin fili da iyaka. Na gaya wa matuƙi ya yi aikinsa hankali kwance, babu kowa a wajen sai shi da fara.

Hantsi ya yi, ina ta kallon arewa. Jirginmu ya kai ƙarshen wata gona, ya ɗaga kai sama zai juyo. Nan ne na waiga, na ga wani abu fari yana gangarowa daga kudu, daidai inda namu zai hau. Na danna rediyo na yi ihu ya karya hagu. Baƙon ba ya jina, rediyonsa na kan wata tasha. Namu ya kwanta a gefe har na ga cikinsa, farin ya wuce ta kansa. Wallahi ban ga sarari tsakaninsu ba. Manoman da ke ƙasa sun ce sun zubar da hauya sun kwanta.

Duka biyu suka sauka lafiya. Matuƙinmu, dattijo ne mai yawan barkwanci, ya zauna ƙarƙashin fiffike, na miƙa masa ruwa. Bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Kai ka ce mini babu kowa."

Bayan kwana uku mutum biyu suka zo daga Yamai yin bincike. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Na shiga buro na faɗi yadda aka yi, kalma bayan kalma, ina jiran abokina ya ce haka ne. Kuskure ne, kowa na iya yinsa, ni a zatona za mu raba laifin mu ɗauka tare. Sai ya gyara hula ya ce:

"Ni dai Illela nic ce mishi. Shi bai tambaye ni ko wace ba."

Da cewa ya yi ya manta, da na yafe. Amma tambayar da na yi, wadda ya kira ƙaƙale, ita ya ɗauke daga bakina. Na dube shi, shi kuwa yana duban takarda. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da aka miƙo mini takardar sallama ban ji kamarsa ba.

Da la'asar ya same ni gida. Ya ce in yi haƙuri, in shi aka kora mu duka mun rasa, in abin ya lafa zai maido ni. Abin ya lafa, ya samu ƙarin girma, ni kuwa gari ya ɗauka cewa barci nake yi a kan rediyo. Har surukina sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne.

Na koma kabu-kabu. Aikin Allah, hanyar da na fi bi ita ce ta Illelar Najeriya, sau goma a yini.

Bara, ranar kasuwa, ina tasha sai ga abokin nan nawa, ya yi furfura, motarsa na wajen gyara. Duk babura sun fita sai nawa. Ya matso ya gaishe ni kamar jiya muka rabu.

"Kai ni Illela."

Na kashe babur. "Wace Illela?"

A Ƙonni ba mai yi wa fasinjan babur wannan tambaya, don tamu ta yi nisa. Masu shayi da ke gefe suka yi dariya, suna zaton wasa ne.

Ya ce a hankali, "Ka san wadda nike nuhi."

"Ban sani ba. Hwaɗi da bakinka, mutane su ji na tambaya."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta Najeriya."

Na jira ko akwai saura. Babu. Na tayar da babur ya hau, na kai shi har bakin kasuwa. Duk gargadar hanyar nan, ƙarfen baya ya riƙe, bai yarda ya dafa kafaɗata ba.