Haƙorin Wuƙar Goggo

Goggona ta tsufa a bakin injin yanka na masana'antar busasshen burodi, mai ƙaras-ƙaras ɗin nan da ake tsomawa a shayi. Sau biyu ake gasa shi. A gasa dogon burodi, a bar shi ya huce sarai, ya zo hannun Goggo ta yanka shi fale-fale, sannan a mayar da shi wuta har ya bushe ƙamas. Uwar Wuƙa abokan aiki suke ce mata. Masifa gare ta, ko ni 'yar ɗakinta ban tsira ba. Ka shiga ɗakin yanka ba hula, ranar sai ka ji sunan kakanka.

Kullum kafin a tashi sai ta kashe inji, ta bi haƙoran wuƙaƙensa da yatsa. Wata rana yatsan ya faɗa giɓi. Haƙori ɗaya ya karye, bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ba ta san lokacin da ya karye ba. Kayan ranar kuwa an ƙunshe su a leda, ana lodi a mota. Na'urar gano ƙarfe ma a satin ta lalace.

Mai gashin burodin, abokin tsokanarta, ya ja ta gefe. "Yaya, rufa wa kanki asiri. An kusa ba ki shugabancin sashe. Wa ya gani?"

"Ni na gani," in ji ta. "Jikarka mai fitar da haƙori, da me take sosa dasashi? Ba da wannan ba?"

Ta je ta tare motar. Aka share ɗakin yanka, aka duba, ba a ga haƙorin ba, sai aka sauke kayan aka ƙone. Manaja ya yaba mata a bainar jama'a, amma asara sai an samo wanda za a ɗora wa. Shugabanci ya wuce ta, aka mayar da ita naɗe kwali. Raina ya ɓaci, har yau in na tuna sai ya sosu.

An kwana biyu, masu gyara suka ɗaga injin, sai ga haƙorin maƙale a tsagar siminti. Ashe ko kusa da burodin bai je ba. Mai gashi ne ya ba ni labari a hanya.

Na same ta a ɗaki tana shafa man zafi a yatsu. Na faɗa mata, na ƙara da cewa, "Kin ga, Goggo, a banza kika rasa matsayinki."

Na shirya shan faɗa. Sai na ga hawaye, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ke 'yar nan, ba ki san komai ba," ta ce. "Ina ta tunanin ko wani kwali ya fita da safe kafin in tare motar. Duk jaririn da na ji yana kuka a unguwa sai gabana ya faɗi. Alhamdu lillahi. Tashi ki ɗora mana shayi."