Sitikar da Obadiah Bai Yaga Ba

Duk Jikwoyi an san Obadiah da kunne. Janareta na tari a gidan maƙwabci, shi yana zaune yana shan shayi zai ce, "Fulogi ne," a duba kuwa a tarar fulogin ne. Da suka gama digirin injiniyan lantarki, abokan karatunsa suka watse, wasu harkar mai, wasu kamfanonin waya. Shi kuwa, da yake taurin kai a jininsa yake, ya kafe sai ya yi digiri na biyu a fannin na'urorin asibiti, wai can duniya ta dosa. Aka yi ta yi masa dariya. Matarsa Christina, wadda tela ce, ita kaɗai ta ce ya tafi, keken ɗinkinta zai riƙe gida. Ya riƙe ɗin kuwa, shekara biyu cur.

Ya dawo ya samu aiki a wani babban asibiti a cikin gari, aka ba shi ofis kusa da ɗakin na'urar gashin ciwon daji. Nan ya ga iyakar karatunsa. A jikin murfin na'urar akwai wata jar sitika da ba ta kai tafin hannu ba. Yarjejeniyar da aka yi da kamfanin da ya sayar da ita ta ce injiniyansu na ƙasar waje kaɗai zai buɗe. Duk ranar da wani ya yaga sitikar, kamfani ya zare hannunsa. Aikin Obadiah, mai digiri biyu, shi ne ya goge ƙura, ya duba wuta, ya rubuta rahoto.

A shekararsa ta shida aka gano ciwon daji a nonon Christina. Bayan tiyata likita ya rubuta mata gashi sau ashirin da biyar, ya ja kunne kada a tsallake. Ta yi bakwai, na'ura ta tsaya.

Obadiah ya ji abin tun kwana uku kafin nan, don kukan famfon da ke sanyaya ta ya sauya. Wani ɗan tiyon ruwa ne ya toshe. Ya hau bene wurin shugabar sashe, Dakta Halimat.

"Madam, minti talatin kawai. Wallahi na san abin."

"Engineer, ni ma na yarda ka sani," in ji ta. "Amma in ka taɓa seal ɗin nan, warranty ya tafi, kamfani ya zare hannu. Gobe babban abu ya lalace, wa zai gyara? Mutum ɗari biyu ke layi, ba madam ɗinka kaɗai ba."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gaskiya ta faɗa. Ya sauko, ya tsaya gaban na'urar da sukudireba a aljihu, ya daɗe, ya koma ofis. Haka ya riƙa yi har mako goma sha ɗaya, ana jiran injiniyan kamfanin: sa hannu, sannan biza, sannan jirgi. Sauran wuraren gashin kuwa layinsu ya kai watanni. Christina ba ta taɓa ce masa ya yaga ba. In ya dawo gida sai ta ɗago kai ta ce masa, "Baban Kindness, injiniyan ya zo?"

Ranar da baƙon ya iso, farce ya sa ya ɗaye sitikar kamar ɓawon ayaba. Ya leƙa ciki, ya miƙa wa Obadiah tocila ya ce ya haska masa. Obadiah ya haska daidai kan tiyon tun kafin a ce masa ina. Minti ashirin aka gama. Baƙon ya yaba masa, ya ce yana da basira, ya kamata ya yi tunanin ƙaro karatu a wannan fanni. Sannan ya manna sabuwar sitika.

A makon hoton da aka yi wa Christina a asibiti ya fito. Ciwon ya bazu, likita ya soke sauran gashin, ya rubuta maganin rage zafi. Suna cikin mota a cunkoson Nyanya ta tambaye shi me ya lalace ne a na'urar.

"Tiyo ne."

"Abin da ka ce tun farko?"

"Shi."

Ta jingina kai da taga. "To, ai karatun bai tafi a banza ba."

Ta rasu kafin Kirsimeti. Na'urar tana aiki lafiya lau har yau, Obadiah ne ke goge mata ƙura.