Goron da Aka Ajiye a Ƙasa

A Lahodu na tashi, zamanin Turawa, a hannun kakata Inna Hajo. In an yi sallar isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ja kunnen wanda ya fi surutu, kuma kusan kullum nawa ne.

Ran nan ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri."

Labarin wani maigida ne mai fadamar shinkafa a bakin gulbi, da baransa Ɗanjumma, wanda ya shekara ashirin yana yi masa aiki. Ɗanjumma ya san ruwa. Launin gulbi kawai zai duba ya ce jibi za a yi ambaliya, a ƙara wa shingen ƙasa tsawo. Al'adar wurin kuwa, ranar da aka gama gayya maigida kan tsaya bakin gona, ya kira kowa da sunansa, ya sa masa goro a hannu.

Wata shekara, ranar gayya, sai ga Baturen gona ya zo kallo. Maigida ya ruɗe da baƙo, ya dangwarar da ƙwaryar goro a ƙasa, ya ce su raba. Bature ya sa tafinta ya tambayi wanda ya tsara shingen, maigida ya bugi ƙirji ya ce shi ne. Ɗanjumma na tsaye da taɓo har gwiwa.

Inna ta ce, "Yaw wanke ƙahwa, yat tahi Goronyo. Sauran barori sunka bi shi ɗaya-ɗaya."

Da damina ta dawo, gulbi ya cika ba mai faɗa wa maigida. Aka kira gayya, ba wanda ya fito. Ruwa ya shanye shinkafar kaf.

Muka yi shewa. Na miƙe na ce, "Allah shi ƙara! Wawan banza!"

Inna ta dube ni. "Mi kac ce? Kakanka na kaz zaga. Yunwad da tab biyo baya ita tac ci min ɗiyata ta hwari."

Kakan da ake kirana da sunansa! Ba wanda ya taɓa dankalin nan har ya ƙone, ita ma ba ta rufe tatsuniyar ba.

Na daɗe ina ɗaukar kakana mugu. Sai da na girma na kafa injin casar shinkafa a Wurno na gane ba rowa ya yi ba, abinci da sutura bai taɓa hana su ba. Wata safiya maganar Inna ta faɗo mini, na nufi mutumin da ya shekara tara yana tayar mini da inji don in yi masa godiya. Na buɗe baki in kira shi, sai na tsaya. Duk shekarun nan "Mai-inji" nake ce masa, ban san sunansa ba.