Furen Tumfafiya a Katin Bonane

A lakwal, makarantar bokon da na yi a Dogon Dutsi, in watan Disamba ya kama, ajinmu na ƙarshe yakan koma wurin buga kati. Annasaran bariki suna aika wa danginsu gaisuwar sabuwar shekara can Faransa, bonane suke ce mata, kuma katunan kanti ba su cika isowa garinmu a kan lokaci ba. Sai matar darakta, shugaban lakwal ɗin, wadda kowa ke kira Madam, ta duba ta ga yara birjik kowace yamma. Ta kawo farar takarda mai kauri, da fenti cikin ƙananan gwangwanaye, ta ce mu ne za mu yi.

Aikin ba shi da wuya, tsawo gare shi. Ana samun kwalin sukari a yanke shi da reza, a huda siffar fure a jiki. A ɗora kwalin bisa takarda, a tsoma tsumma cikin fenti a daddanna ta cikin hujin, a ɗaga a hankali. Furen da Madam ta fi so wani ja ne mai ninki-ninki da take kira roz. Kwalinsa daban, na ganyensa daban, na karansa daban, kuma kowane sai wanda ya riga shi ya bushe. Akwai kuma wani icce mai tsini da ake yayyafa wa fari a ka, ta ce ƙanƙara ce. Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗayansu a cikinmu. Mun dai danna inda aka huda.

Abokaina sun gane hanyar tsira da wuri. Wanda ya ɓata takarda sau biyu, Madam takan ja tsaki ta kore shi ya je ban ruwa a lambun lakwal, inda ake hira da guje-guje. Ni ban iya ɓatawa ba. Ba biyayya ba ce, hannuna ne ba ya yarda. In na ga fenti ya leƙa waje da layi ko kamar ƙwayar gero, sai in ji abin yana sukata har in gyara. Ga ni kuma ba ni da baki. Saboda haka kullum tulin takardun da ke gabana ya fi na kowa tsawo.

A shekarar da nake ba da labari, masu kawo hatsi kasuwa sun zo mini da saƙo daga gida, Dogon Kiriya. Yayana zai tafi Gwalkwas, wata ƙasa can kudu bakin teku, cin rani da zarar an gama zuba hatsi a rumbu. Shi ya goye ni ina ƙarami, shi ya rako ni da ƙafa ranar da aka rubuta ni lakwal, ya bar mini ƴar wuƙarsa ta sassaƙa don in daina kuka. Masu zuwa Gwalkwas duk cewa suke yi da ruwan fari za su dawo, amma a unguwarmu akwai yaran da suka fara tafiya da magana ba su san fuskar ubansu ba. Ina son in yi hutun ƙarshen shekara a gida, in kwana ɗaki ɗaya da shi kafin ya tafi. Ban so wani abu ba bayan wannan.

Hanyar zuwa gida ɗaya ce. Washegarin kasuwa mutanenmu ke juyawa da jakunansu, yaro ya bi su, a kwana a hanya. Wanda ya rasa su ya rasa hutu, don ba a barin yaro ya keta dajin nan shi kaɗai. Darakta ya faɗa a aji cewa duk wanda ya gama rabonsa na kati ya tafi.

Na duƙufa. Ina tsakiyar tulina jan fenti ya ƙare. Madam ta kankare gindin gwangwani da cokali, ta ce motar da za ta kawo wani ba ta iso ba, sai mu jira. Ranar kasuwa kuwa ta matso.

Bayan lakwal akwai wani fili da ba a nomawa, inda muke zagayawa in buƙata ta kama mu. Tumfafiya ce ta cika shi. A wurinmu ba a lissafa tumfafiya cikin itatuwa. Tana fitowa inda ƙasa ta gaji, ko bakin juji, nononta yana ɓata ido, in ka ga ta yi yawa a gonar mutum ka san gonar ta mutu. Ran nan ina dawowa daga can na tsaya na tsinki furenta, abin da ban taɓa yi ba. Kunnuwa biyar, fari daga gindi, baki-baki shunayya, da wani ɗan tauraro a tsakiya. Shunayyar nan kuwa ita ce launin tawadar da muke rubutu da ita a aji, wadda ke cike a manyan kwalabe cikin kabad, ba mai tsoron ta ƙare.

Na roƙi matar mai masaukina, mutumin da nake zaune gidansa a Dogon Dutsi, sakaina mai kauri, ta ba ni tana tambayata ko wuta zan ɗebo. Na zauna da wuƙar yayana na sassaƙa furen a jiki, na yi masa ɗan mariƙi da kara. Na jiƙa tsumma da tawada, na danna sakainar a kai, na danna a takarda. Bugu ɗaya, fure ya fito. Ganyen kuma kwali ɗaya ya isa, da sauran koren fenti. Abin da roz ke ci mini yini, tumfafiya ta gama shi kafin la'asar.

Ƴan ajinmu suka taru a kaina. Wani ya toshe hanci, wani ya ce zan aika wa Faransa bayan gidanmu cikin ambulan. Tunanina shi ne Madam ko dai ta yi faɗa ta kore ni, ko ta karɓa don babu wani, kuma kowanne ya faru ni dai na kama hanya.

Ta ɗauki guda ta kai bakin taga ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ko furen ƙasar nan ne. Na ce i. Ta tambayi sunansa, na faɗa ƙasa-ƙasa, ta sa na maimaita har ta rubuta. Ta ce a ina yake fitowa. Na ji ana ƙunshe dariya a bayana. Na ce ko'ina.

Da yamma ta kwashi katunan ta nufi gidan kwamanda, babban annasaran bariki. Washegari ta shigo aji fuskarta a sake, da sabon tulin takarda rungume a ƙirji. Matar kwamanda tana so, likita yana so, annasaran gidan waya yana so, har waɗanda suka riga suka karɓi roz sun maido sun ce na ƙasa suke so, don danginsu su ga abin da ke tsirowa inda suke zaune. Ta ce kuma hannu ɗaya za a bar wa aikin don kada su bambanta. Ta dire takardun a gabana, ta shafa kaina.

Na shirya maganar da zan gaya mata. Na jera ta da Faransanci a raina, na gyara, na sake gyarawa, na san inda kowace kalma za ta zauna: yayana zai yi tafiya mai nisa, ina roƙon a bar ni in bi mutanenmu. Da ta tsaya a gabana ta ce ai zan iya, ko ba haka ba, sai na ji bakina ya amsa da to, "Wi, Madam."

Ba muguwa ba ce. Takan aiko mini da burodi da man shanu, abin da ba kowane yaro ya taɓa ɗanɗanawa ba. Ba ta san da wani yaya ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Washegari da safe ina jin kukan jakuna daga wajen masaukin mutanenmu, ina jiƙa tsumma. Wani ɗan garinmu da ya ɓata takardunsa tun farko ya leƙo da ƙunshinsa a ka, na ce ya gaya wa gida aiki ya riƙe ni. Ya ce wane aiki. Na nuna masa. Ya girgiza kai ya tafi.

Daga nan aji ya zama nawa ni kaɗai. Bencina duk an ɗora su bisa juna, sai teburina a tsakiya da katuna shimfiɗe a ƙasa suna bushewa, layi bayan layi, har bakin ƙofa. Sakaina ba ta jure tawada. In ta sha ta sha sai ta yi laushi, kunnuwan furen su fara cinyewa, in sassaƙa wata. Matar mai masaukina ta fara ɓoye ƙorenta masu tsaga, ta ce na kusa sa ta fasa masu lafiya. Yatsuna suka rine har ƙarƙashin farce, sanyin safiya ya tsattsaga su, tawada ta shiga tsagar. Kafaɗata ta dama ta riƙe. In na rufe ido furen nake gani, in na buɗe shi ne. Na daina ganin kyansa, na daina ganin muninsa. Jiƙa, danna, ɗaga, ajiye. Duk da haka in guda ya karkace sai na ware shi gefe, ko da na san ba mai lura.

Wata rana da hantsi wata yarinya mai tallan gyaɗa ta tsaya a taga ta ce wani mutum na kirana a bayan lakwal, ya ce ba zai shigo ba. Na san ko wane ne. An daina kamun mutane aikin tilas a lokacin, amma mutanenmu ba su daina kewaye bariki da duk abin da ke kusa da shi ba. Na ɗauki kati guda cikin waɗanda na ware, ban san dalili ba, na fita.

Yayana ne, yana tsaye cikin tumfafiya da sanda da buhu a kafaɗa. Hanyarsu ta kudu ta Dogon Dutsi ta biyo, abokan tafiyarsa na can tasha ana loda mota. Na miƙa masa wuyan hannu saboda tawada. Ya ture, ya kama tafin ya riƙe.

"Ɗan lakwal, rini ka koma?"

Na ce a'a, Yaya. Ya ce Inna ta dafa mini wake ranar da jakuna suka iso, ta yi ta leƙen hanya, daga baya shi ya cinye rabona, kada in ce ba a gaya mini ba. Ya ciro ƙunshin dakuwa daga buhu ya ba ni. Sai ya ga katin.

"Mi a wanga?"

Na ba shi. Ya juya shi sama, ya juya ƙasa. Ya dubi iccen da ke gefen kafaɗarsa, ya sake duban takardar.

"Tumfafiya ta?"

"Ita ce."

"Don wagga ka ƙi zuwa gida?"

"Ba ƙi na yi ba, Yaya. Annasaru ke so."

Ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Ya ce da ya sani da ya ciko musu buhu daga gonar kawunmu, su huta ni ma in huta. Ya ce mutanen da suka ƙetare teku suka zo suka rasa abin so sai wannan, Allah kaɗai ya san abin da ke tsirowa a garinsu. Ni ma na so in yi dariya, ban iya ba. Ya lura, ya bar dariyar.

Ya tambaya ko wuƙar na ci har yanzu. Na zaci karɓa zai yi, na fara laluben aljihu. Ya ce in bar ta, can akwai wuƙaƙe. Ya shafa furen da babban yatsa ya ce layin ya fita tsaf, hannuna ya fi nasa. Na ce wannan ɓatacce ne, ya karkace. Ya ce shi bai ga karkata ba. Ya ninka katin ya cire hula ya sa a ciki ya mayar.

Abubuwan da na tara zan gaya masa a ɗaki, da hira bayan cin tuwo, ba wanda ya zo mini. Daga tasha mota ta yi oda mai tsawo.

"Ka yi ta karatu. Da ruwan fari ina nan."

Na ce in raka shi tasha. Ya ce in koma, kada matar annasara ta neme ni ta rasa. Ya ɗaga mini hannu daga bakin hanya, na ga tafinsa ya yi shunayya.

Da na koma aji tsumman ya bushe, sakainar da na bari a kai ta tsage biyu. Na zauna na ci dakuwa ɗaya. Sannan na ɗauko wuƙa da guntun sakainar da ta rage mini.

Na gama katunan hutu ya kusa ƙarewa, ban je gida ba sai da damina. Madam ta ce an yaba ƙwarai a Faransa, kuma badi ma irinsu za a yi. Badin ba ni nan, na wuce makarantar gaba, ban san wanda ya gaji sakainar ba.

Yayana bai dawo da ruwan fari ba, bai dawo da na bayansa ba. Sai da na fara aiki ya dawo, da gemu da tari da ƴan kalmomin wani yare. Muna zaune a ƙofar gida na tambaye shi katin. Ya daɗe yana tunani kafin ya tuna. Ya ce ruwan sama na can ba irin namu ba ne, tun daminar farko ya ratsa hular, tawadar ta zubo masa a goshi, abokansa suka yi ta yi masa dariya. Takardar dai ya riƙe ta wani lokaci, fara fat, daga baya ya naɗe taba da ita.