Renita Ta Durƙusa Ido a Rufe

Na daɗe ina shakkar labarin 'yan wasan da suka durƙusa lokacin taken ƙasa. Shekara shida na yi ina karatu a Glasgow, kuma a can duk wanda ya ji daga Mississippi na fito sai ya ɗauko mini zancen, ya ce ai jarumai ne. Ni dai in gyaɗa kai. A raina ina cewa, minti ɗaya da rabi, gwiwa ɗaya a kan katako, me hakan ya gyara? Ban taɓa gaya musu 'yar kawuna na cikin waɗanda suka yi ba, don ban san ko alfahari zan yi da ita ko tausayinta zan ji ba.

Sunanta Renita Gaddis, ta girme ni da shekara uku. A garinmu, Marlow Bend, tun tana sakandare ake cika ɗakin wasa ranar Juma'a don a ga mai lamba goma sha huɗu tana jefa ƙwallon kwando daga inda ba a zata ba. Wata ƙaramar jami'a a Arkansas ta ɗauke ta karatu kyauta, ita da aminiyarta Charmaine Tubbs. A shekararta ta uku har wani dillalin 'yan wasa ya fara kiran kawu yana zancen wata ƙungiya a Turai.

Sai shekarar 2016 ta zo, bidiyon baƙaƙen fata da 'yan sanda suka harbe yana yawo a waya. Su bakwai ne baƙaƙe a ƙungiyar. Suka yi shawara a ɗakin sauya kaya cewa a wasan farko na gida, da an sa take, maimakon su tsaya kamar kowa, za su durƙusa tare don nuna rashin amincewa. Aka sa take, Renita kaɗai ta kai gwiwa ƙasa.

Koci bai kore ta ba. A benci ya ajiye ta har kakar wasan ta ƙare. Jami'a ba ta sabunta tallafin karatun ba, dillali ya daina ɗaga waya, ta dawo gida saura shekara ɗaya ta gama. Tun daga nan take aiki a masana'antar gyaran tarwaɗa da ke bakin gari, tsaye cikin takalmin roba daga safe zuwa la'asar.

Wata biyu da dawowata Charmaine ta same ni. Yanzu ita ce kocin 'yan matan sakandarenmu. Ta ce makaranta ta yanke shawarar rataye rigar Renita a rufin ɗakin wasa, yadda ake yi wa wanda ya yi fice, ba mai sake sa lambarsa. Za kuma a kafa allo a ƙasa a rubuta cewa don jarumtarta ne. Sau uku tana aika wa Renita, ba amsa, ga shi ranar Litinin ake son jin e ko a'a.

"Kai ne abokin wasanta, Cedric," in ji ta. "Kai take sakar wa fuska. Ni ko a kanti muka haɗu sai ta tsaya karanta bayan gwangwani."

Ranar Asabar na iske Renita a bayan coci tana soya tarwaɗar da ake sayarwa bayan taron mata. Tana birkita kifin cikin garin masara tana sakawa a mai.

"Farfesa," ta ce ba ta ɗago ba. "An ce a can ko kifi da dafaffen wake kuke ci, ba yaji. Shi ya sa ka dawo kamar sandar shara."

"Ke kuma Yaya, an ce kifayen ma sun san lambarki, da sun gan ki sai su miƙa wuya."

Ta yi dariya, ta tura mini faranti da burodi biyu. Na ci rabi kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Ta rage wuta.

"Charmaine ce ta aiko ka."

"Ita ce. Har yanzu fushi kike da ita?"

"Fushi? Uwarta na kwance a lokacin, ƙannenta uku. Wanda ba shi da inda zai faɗa ba a tambayarsa don me bai yi tsalle ba. Ni ba ruwana da abin da ta yi. Abin da na yi ne ya dame ni."

Ta goge hannu a jikin rigar aiki ta zauna a kan akwatin ƙanƙara.

"Ka tuna Kaka Odessa in ta kama mu muna addu'a ido buɗe?"

Na tuna. Rankwashi ɗaya, sannan ta ce wanda ya durƙusa ido buɗe takalman mutane yake kallo, ba Ubangiji ba.

"To ni ban iya durƙuso da ido buɗe ba," in ji Renita. "Gwiwata na taɓa katako idona ya rufe da kansa. Sai na ji ƙarar takalma. Ka san kukan da takalmin wasa ke yi a kan katako, ƙii, ƙii. Ɗaya a dama, biyu a hagu, wani can ƙarshen layi. Na ce a raina, ga Charmaine nan, ga Tasha nan, ga sauran. Cedric, ban taɓa jin ƙarfi irin na wannan lokacin ba. Ana ihu daga sama, wani yana zagin uwata, ni kuwa kamar ina cikin mawaƙan coci ranar Ista. Mu bakwai ne. Me za su yi wa mutum bakwai?"

Ta miƙe ta juya kifin, ta dawo.

"Da take ya ƙare na buɗe ido. Ƙarar da na ji, matsawa suke yi. Taku ɗaya ɗaya, don kada su fito a hoto kusa da ni."

A hoton da jaridar yankin ta buga, wanda na sha kallo a waya ina Glasgow, akwai fili a damanta da hagunta, kamar wurin da aka cire haƙora. Na ɗauka haka suke jeri. Fuskarta kuwa a kwance take, har da ɗan murmushi, kuma wannan fuskar ce mutane ke nunawa su ce dubi ƙarfin hali.

"A wurin aiki ƙasan kullum a jiƙe yake," ta ce. "Takalmin roba ma haka yake kuka. Wani lokaci ina tsakar yanka, wata ta gifta ta bayana, sai in ji raina ya yi sanyi, in ce sun durƙusa tare da ni. Shekara takwas. Har yanzu daɗi nake fara ji, kafin in tuna."

Matan coci suka fara fitowa. Ta sallami biyu, ta tsokani matar fasto a kan hularta, ta ƙara mata yaji ba ta tambaya ba. Na jira har layin ya yanke. Tambaya ɗaya ta rage mini, wadda na san ba ta cikin aiken Charmaine.

"Yaya, da kin buɗe ido tun farko kin ga ke kaɗai ce, da kin miƙe?"

Ta tsame kifin da ya soyu daga man da ke tafasa.

"Kullum sai na koma wurin a raina na buɗe idon," ta ce. "Wata rana in zauna a durƙushe, wata rana in miƙe in dafa ƙirji kamar kowa. Ban san wacce ce ni a cikinsu ba. Ka ce wa Charmaine na gode, rigar tana nan a akwatina, ta bar ta tukuna. Ranar da na sani zan kawo mata ita da hannuna."